Ciwon da ya ɓuya a tsakiyar kaina

Ranar da na ga tirela ɗaya ta zama biyu, ina tsaye ne a ɓangaren 'yan albasa na kasuwar Mile 12 da littafin lissafi a hannu. Aikina ke nan shekara 11: mota in ta iso daga Aliero ko Sakkwato, ni nake ƙirga buhunan da 'yan dako suka sauke, in rubuta na wane ne, nawa aka sayar, nawa ya kwana. Da safe ne, cikin Janairun 2023, hazo ya sauko har Legas. Na waiwaya hannun hagu wajen ƙofar shigowa, sai na ga motoci biyu gefe da gefe, launi ɗaya, tamfol ɗaya, yaron mota ɗaya a saman kowacce. Na murza ido, suna nan. Na rufe idon hagu da tafin hannu, ta koma ɗaya. Na buɗe, ta sake rabuwa. Littafin da ke hannuna kuwa ina ganinsa ɗaya ƙwal. Abin da ke nesa ne yake rabuwa, musamman in yana ta hagu.

Amma ciwon ya riga wannan rana da wata 5. Tun Agustan 2022 nake fama da wani ciwon kai da na kasa yi wa kowa bayaninsa. Ba na goshi ba ne, ba kuma na ɓari ɗaya ba ne irin wanda mahaifiyata take yi. Ji nake kamar an kafa ƙusa daga tsakar kaina ta gangara ta tsaya a bayan ido, wani lokaci kuma ya koma ƙeya. In aka ce in nuna wurin, sai in ɗora yatsa a maɗiga in ce, nan ne, amma can ciki. In na sunkuya duba buhu sai ya ƙaru. In na yi sujada kuwa, kamar an zuba mini dalma a ka, har na fara gajarta sujadata, abin da ya fi komai damuna. Da dare yakan tashe ni tun kafin kiran farko.

Abin da ya ruɗa ni, ya ruɗa duk wanda ya duba ni, shi ne hancina lafiya lau. Babu mura, babu toshewa, babu atishawa. Sai dai da asuba nakan ji wata majina mai kauri tana gangarowa ta bayan maƙogwaro, wani lokaci da ɗan wari. Ban taɓa haɗa wannan da ciwon kan ba, don haka ban taɓa gaya wa kowa ba. Babu kuma wanda ya tambaye ni.

Na bi hanyar da kowannenmu yake bi a kasuwa. Kemis, maganin maleriya, har sau 3. Wani ƙaramin ɗakin gwaji ya ce akwai taifot, aka yi mini allurai da ƙarin ruwa. Aka auna hawan jini, babu. A wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoton fuska irin na karaya, aka ɗaga shi a haske aka ce ba a ga komai ba. Na sha farasitamol har na daina ƙirgawa, na koma garin nan na 'yar takarda da ake kaɗawa a ruwa, har cikina ya fara zafi. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Malamin unguwarmu a Agiliti ya yi mini tofi da rubutu, na ɗiga man habbatussauda a hanci. Wasu suka ce yajin albasa ne ya taru mini a ka, wasu suka ce baki ne, tunda a shekarar nan harka ta ɗan buɗe mini. Addu'a ban taɓa barinta ba, da ita na shiga ɗakin tiyata, da ita na fito. Abin da nake jin zafinsa har yau shi ne wata 5 ɗin nan da na yi ina maganin cutar da ba ni da ita, ba zazzaɓi ba komai, kawai don ita ce cutar da muka saba da sunanta.

Ganin biyu-biyun na ɓoye shi kwana 3. Maiɗakina ce ta kama ni. Muna cin tuwon dare ta ajiye cokali ta ce, "Malam, dube ni nan. Idonka na hagu ya karkato wajen hanci." Na ce gajiya ce. Ta ce, "Gajiya ba ta karkatar da ido." A daren ta kira ɗan yayana da ke zaune a Agege, wanda ya yi makarantar koyon aikin lafiya a gida kafin ya zo Legas. Washegari da sassafe yana ƙofar ɗakina. Ya sa na bi yatsansa da ido, dama da hagu, sai ya ce, "Baffa, wannan ya wuce kemis. Sa rigarka mu tafi."

Manyan asibitocin koyarwa na gwamnati biyu ne muka sani a Legas, na Idi-Araba da na Ikeja, kuma ɗaya daga cikinsu muka nufa. Da yawa daga cikinmu 'yan Arewa muna gudun irin wuraren nan, ba don rashin hankali ba: ga yankar kati, ga layi, ga turancin da ba na kasuwa ba, ga ranar ciniki da za ta tafi. Ni ma ba don yaron nan ba, da ban san ƙofar da zan fara ƙwanƙwasawa ba. Shi ya riƙe takardu, shi ya riƙa juya mini abin da ya fi ƙarfin turancina.

Likitar ido muka fara gani. Ta sa na karanta haruffa a bango, ido ɗaya bayan ɗaya, na karanta har na ƙasa. Ta haska mini fitila, ta nuna mini wani littafi mai ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye a ciki. Ta riƙe mini haɓa ta ce in bi bironta ba tare da na juya kai ba. Da biron ya yi hagu, idon dama ya bi shi, na hagu ya tsaya a tsakiya ya ƙi ƙarasawa. Ta ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido, bayan kamar rabin awa ta leƙa can bayan idon. Sannan ta ce ƙwayar idona ba abin da ya same ta. Jijiyoyi tagwaye 12 ne suke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta 6 a cikinsu ita ce take jan ido zuwa waje, kuma tawa ta hagu ce ta yi rauni. Ta ce ciwon suga da hawan jini sukan jawo haka ga masu shekaru, yakan kuma warware da kansa cikin 'yan watanni. Aka auna ni nan take, ba suga ba hawan jini. Shekarata 43, ga kuma ciwon kai na wata 5. Ta ce, "Idon nan saƙo ya kawo. Sai mun ga wanda ya aiko shi." Ta rubuta hoton siti-sikan na kai da kogunan hanci.

Lokacin ne kuma aka shiga ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira. Wanda yake Legas a Fabrairun 2023 ya san abin da nake faɗa: layi a bakin na'urar cirar kuɗi tun asuba, turawa ta waya kuma sai ta maƙale. Ciniki ya tsaya, kaya suna lalacewa a ƙasa. Abokan sana'ata ne suka yi karo-karo, wannan ya turo, wancan ya turo, har kuɗin hoton ya haɗu. Allah ya saka musu da alheri.

Shi siti-sikan ba shi da wahala. Ka kwanta a wani siririn gado, ya shiga da kanka cikin wani ƙaton zobe, a ce kada ka motsa, 'yan mintoci an gama. Wahalar tana cikin ambulan ɗin da aka miƙo mana bayan kwana 2. Ɗan yayana ya buɗe takardar a bakin ƙofa, ya karanta, ya sake karantawa, ya yi shiru. Na ce, faɗa mini. Ya ce, "Baffa, sun ce akwai wani abu da ya cika wani kogo a bayan hanci, ta hagu. Kalmar da suka rubuta, ƙari take nufi."

A wajenmu in aka ce ƙari a cikin kai, sankara kawai mutum yake ji, daga nan kuma sai likkafani. A cikin motar da ta dawo da mu ban ce uffan ba har Ketu. Da dare, bayan yara sun yi barci, na ɗauko littafina na rubuta duk wanda nake bi da duk wanda yake bina, na nuna wa maiɗakina inda na ajiye shi. Ta karɓa ba ta yi kuka a gabana ba, amma na ji ta a sallar dare. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma kwana 6 muka yi a cikinsa kafin ranar ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Wannan bawan Allah, Bayarabe ne mai furfura a gemu, shi ya fara sauke mini nauyin da ke ƙirjina, kuma ba da lallashi ba, da bayani. Ya ɗauko ƙoƙon kan roba da ke kan teburinsa ya buɗe shi biyu. Ya ce ƙasusuwan fuskar mutum ba a cushe suke ba, akwai koguna masu iska a ciki, tagwaye 4: na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, sai na ƙarshe wanda yake bayansu duka, a tsakiyar kai, a gindin ƙwaƙwalwa. Sunansa sifinoyid. Daga ƙofar hanci zuwa bakinsa kamar santimita 7 ne. Ba a ganinsa da fitilar hannu, ba a taɓa shi daga waje, hoton karaya irin wanda aka yi mini kuma ba kasafai yake nuna shi da kyau ba, saboda wasu ƙasusuwan sun sha gabansa. Kowane kogo yana da 'yar ƙofar da majina take fita, in ta toshe, abin da ke ciki ya rasa hanya.

Sai ya sa bakin biro yana nuna mini maƙwabtan wannan ɗaki. A rufinsa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, fituwitari, wadda take ba sauran sassan jiki umarni ta hanyar sinadarai. A gefe ta sama, jijiyar gani take wucewa. A bango kuma babbar hanyar jinin da take kai jini ƙwaƙwalwa ta jingina, tare da jijiyoyin da suke juya ido da ɗaga fatarsa, da wadda take kawo ji a fuska. Bangon da ya raba su da kogon a wasu wurare siriri ne ƙwarai, a wasu mutanen ma bai rufe duka ba. Ya ce shi ya sa ciwon wannan wuri ba ya kuka da bakinsa, sai ta bakin maƙwabta. Wani ciwon kai kawai zai yi ta yi a tsakar ka ko bayan ido ko ƙeya. Wani ya ga biyu-biyu kamar ni. Wani fatar idonsa ta sauko ta ƙi ɗaguwa, wani gefen fuskarsa ya yi dindiris, wani ya riƙa haɓo, wani kuma ganinsa ya fara dushewa, wanda shi ne abin da suka fi tsoro. Ya tambaye ni ko ciwon yana ƙaruwa in na sunkuya. Ya tambaye ni ko wani abu yana gangaro mini ta maƙogwaro. Wata 6 ke nan, shi ne mutum na farko da ya yi mini waɗannan tambayoyi biyu, sai da idona ya kawo ruwa.

Ya kuma gaya mini, kuma ya kamata in faɗa a nan, cewa irin nawa ba shi da yawa. Mafi yawan ciwon kan da mutane suke yi ba shi da alaƙa da wannan kogo. Abin da ya bambanta nawa shi ne daɗewarsa, da ƙin jin magani, da kuma shigowar ido cikin maganar.

A ranar ya leƙa hancin. Ya fesa mini wani magani mai ɗaci, ya cusa auduga mai maganin kashe zafi, bayan 'yan mintoci ya zura wata siririyar sanda mai fitila da kyamara a baki. Ba zafi sosai, sai dai nauyi da hawaye. A allon da ke gefe na ga cikin hancina kamar wani lungu ja mai laima. Ya yi ta shiga har can ƙurya ta sama, ya tsaya, ya nuna mini wani siririn zaren ruwa fari-fari da ke gangarowa daga wata 'yar kafa da ta kumbura. Ya ce ga abin da nake ji a maƙogwaro da asuba.

Na ce masa, "Likita, tunda ga ka a bakin wurin, ka yanko kaɗan a auna mana, in san matsayina." Ya zare sandar ya zauna. Ya ce kalmar da aka rubuta a takardata ba sunan cuta ba ce, tana nufin dai an ga wani abu ya cika wurin da ya kamata iska ce a ciki. Ya ƙirga mini da yatsu abin da zai iya zama. Majina ce da ƙofa ta toshe mata ta taru shekara da shekaru ta zama jaka, tana tura bango. Ko dunƙulen fumfuna. Ko tsiron nama mara illa. Ko ƙari daga 'yar tsokar nan ta sama da ya huda rufi ya sauko. Ko sankara, bai ɓoye mini ba. Sai guda biyu da ya ce su ne dalilin da ba zai taɓa wurin a makance ba: hanyar jinin nan ta bango takan kumbura ta turo cikin kogon, rigar ƙwaƙwalwa ma takan zurmo ta wata ɓaraka. Duk wanda ya sa ƙarfe ya yanki ɗaya daga cikinsu yana zaton tsiro ne, abin da zai biyo baya ba mai iya tare shi. A lokacin raina ya ɗan sosu, don na ƙosa. Yanzu na san ƙin da ya yi a ranar yana cikin manyan alheran da aka yi mini.

Ya ce siti-sikan gwanin ƙashi ne, amma nama da ruwa da jijiya sai wani hoton da ake kira em-ar-ai, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu. Kafin shi sai an duba ƙodata, saboda ruwan allurar da ake sawa don hoton ya fito sosai ta ƙoda yake fita. Ya rubuta gwajin sinadaran fituwitari, wanda aka ce in zo a ɗebi jininsa da ƙarfe 8 na safe, domin wani daga cikinsu da safe yake hawa. Ya ƙara da gwajin suga na dogon zango da na cuta mai karya garkuwar jiki. Ya mayar da ni wajen masu ido aka yi mini awon faɗin gani: ka sa haɓa a bakin wani abu kamar ƙatuwar ƙwarya, ka kafa ido a tsakiya, duk sanda ɗigon haske ya ƙyasta a gefe ka danna maɓalli. An ce in ƙari daga sama ne yake danne mahaɗar jijiyoyin gani, gefe-gefen gani ne yake fara tafiya, mutum bai ma sani ba. Nawa ya fito cikakke.

Kafin mu fita ya sa ɗan yayana ya maimaita mini da Hausa, sau biyu: in gani ya fara dushewa, ko fatar ido ta faɗo, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, ko ciwon kan ya canza ya zo da amai, kada in jira ranar da aka rubuta mini, ko tsakar dare ne in taho. Ya hana ni hawa babur da kaina. Aka liƙe mini gilashi ɗaya na tabarau don in daina ganin biyu, da shi na riƙa zuwa kasuwa, titin Ikorodu kuwa sai ta gadar sama nake tsallaka shi.

Kuɗin em-ar-ai ya ninka na farko har da ɗoriya, sai da yayana ya sayar da tumaki a gida ya turo. Ranar hoton aka sa na cire zoben azurfata, da makullai, da waya, da bel. Suka tambaye ni ko an taɓa sa mini ƙarfe a jiki, ko na taɓa aikin walda har ɓarɓashi ya shiga mini ido, saboda na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Aka toshe mini kunne, aka kifa mini wani abu kamar keji a fuska, gado ya shige da ni cikin rami mai ƙunci. Ƙarar kamar kana kwance a cikin injin niƙa, ta tsaya, ta canza murya, ta dawo. Kusan minti 40. Ƙuncin wurin ya tuna mini da kabari, ba zan ɓoye ba. Na rufe ido na kama Hasbunallahu wa ni'imal wakil a zuci, ban ko motsa leɓe ba don an ce motsi yana ɓata hoton. Can wajen ƙarshe aka fito da ni kaɗan, aka sa allura a hannu, na ji sanyi yana bin jijiya, aka mayar da ni.

Da muka koma, likitan ya jera hotunan biyu gefe da gefe. A na farko ya nuna mini wasu fararen ɗige-ɗige a tsakiyar abin, kamar tsakuwa a cikin shinkafa, da bangon kogon da ya yi kauri a wani gefe, ya sirance a gefen da jijiyar idona take. A na biyu, tsakiyar abin ya fito baƙi ƙirin a wani nau'in hoton, kamar babu komai a wurin, ruwan allurar kuma bai shige shi ba, fatar bangon kawai ya bi ya zagaye. Ya ce nama mai rai yakan sha ruwan allurar nan, wannan bai sha ba. Fituwitari tana wurinta, hanyar jini tana wurinta, ƙwaƙwalwa ba ta zurmo ba. Ya ce duk alamu sun fi karkata ga dunƙulen fumfuna, amma ba zai rantse ba sai an fito da shi an kai ɗakin bincike.

Ina jin an ce fumfuna, zuciyata ta tafi kan baƙin garin nan da muke gani a ƙarƙashin ɓawon albasa in ta sha zafi da laima a mota. Na ce, "Likita, sana'ata ce ta jawo mini?" Ya ce ƙwayoyin fumfuna suna cikin iskar da kowa yake shaƙa, a gida da kasuwa da ofis, kuma yana ganin irin wannan a jikin mutanen da ba su taɓa shiga kasuwar albasa ba, don haka ba zai ɗora wa albasa ba. Amma ya ce sa takunkumi lokacin da ake zazzage ruɓaɓɓen kaya ba zai cuce ni ba. Ya bayyana mini cewa iri biyu ne. Akwai wadda take zaune kawai a cikin kogo kamar baƙon da ya ƙi tafiya, tana sa bango kumburi. Akwai kuma mai cin nama, mai saurin gaske, wadda ta fi kama masu sugan da ya ƙi saituwa da waɗanda garkuwar jikinsu ta faɗi. Dalilin gwaje-gwajen jinin nan ke nan, kuma nawa duk sun fito lafiya.

Magani ɗaya ne, a buɗe ƙofar a kwashe. Ƙwaya ko allura ba sa narkar da shi. Ya karanta mini haɗarin aikin ɗaya bayan ɗaya kafin in sa hannu: zubar jini, yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta hanci, taɓuwar jijiyar gani. Ya ce ba kasafai suke faruwa ba, amma haƙƙina ne in sani. Yayana ya kira ya ce, "Ka taho gida a yi a kusa da mu." Na ce, "Yaya, wanda ya gano ciwon, shi ya san hanyarsa. Ku dai taya ni da addu'a." Na yi istihara, na sa hannu. Aka hana ni garin maganin nan na 'yar takarda mako guda kafin aikin, don akwai asfirin a ciki, yana tsinka jini.

An yi aikin cikin Maris, bayan zaɓen shugaban ƙasa, kafin azumi. Ta hanci aka bi, ko ƙwarzane babu a fuskata. Na farka hanci a cushe, ina numfashi ta baki, maƙogwaro a bushe. Da yamma likitan ya zo da hoto a wayarsa ya nuna mini abin da ya kwaso: wani abu ƙasa-ƙasa mai ɗan kore, kamar jiƙaƙƙiyar tunkuza. Ya ce ya yanko ɗan fatar bangon ma an kai tare, don a tabbatar ba ta shiga nama ba. Aka ce kada in fyace hanci, kada in ɗaga kaya mai nauyi, in atishawa ta zo in buɗe baki, salla kuma a zaune na ɗan lokaci. Aka ba ni ruwan gishiri na wanke hanci. Da azumi ya kama ranar 23 ga Maris, sai na mayar da wankin bayan buɗa-baki da kafin sahur.

Sakamakon ɗakin bincike ya ɗauki mako 2. Fumfuna ce, ba ta ci nama ba, babu sankara. Ɗan yayana ne ya karanta mini a baranda, wannan karon bai yi shiru ba. Na kira maiɗakina, abin da ta iya cewa kawai Alhamdulillahi, tana ta maimaitawa har na kashe wayar.

Ciwon kan ya tafi tun makon farko. Idon ne ya ɗauki lokaci, an kuwa gaya mini jijiya ba ta da sauri. Motoci biyun nan suka riƙa matsowa kusa da juna mako bayan mako, har wata safiya bayan ƙaramar Salla na cire abin da aka liƙa a tabarau na dubi ƙofar kasuwa ta hagu na ga ɗaya. A zuwana na baya-bayan nan likitan ya sake zura kyamarar, ya nuna mini ƙofar da ya faɗaɗa, a buɗe, cikin kogon fes, iska tana shiga. Ya rubuta mini ranar dawowa a bayan kati. Na sa katin cikin ledar da nake tara hotunan da takardun duka, na hau motar Mile 12, don akwai tirela biyu daga Aliero da suke jiran a ƙirga su kafin azahar.